Gonar Ebenezer da Man Zaitun na Mama

Zuru, Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanena Sila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka sojoji. Allah ya ci gaba da tsare ku a wannan daji, ya rufe idon mugu daga kanku, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan gida lafiya lau, sai kewarka. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma hawa mashin zuwa gona a Dabai, ko da yake likita ya hana shi, ka dai san tsohon soja da jin magana. Dawa ta yi kyau bana, ta fara fitar da kai. Joyce ɗiyata tana ta fama da karatun jarrabawar shiga jami'a, ƙaninta Divine kuwa ya fara tafiya, ba ya barin komai a kan tebur. Mama tana nan da azuminta na ranar Laraba saboda kai.

Sila, kafin ka buɗe ƙunshin da abokin aikinka Francis ya kawo maka, ka karanta wannan har ƙarshe. Na roƙe shi ya miƙa maka takardar tukuna, ya riƙe ƙunshin sai ka gama. Da a waya zan faɗa maka, amma sabis ɗinku ba ya barin mutum ya kai ƙarshen zance, wannan kuwa ba maganar da za a yanke a tsakiya ba ce. Kuma tsakani da Allah ko da sabis ɗin yana da kyau, ban san ko bakina zai iya ba. Na yi maka ɓarna, kuma tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

Ka tuna saƙon da ka ba ni ranar da ka hau tudu ka kira? Ka ce in ɗauki tsohuwar kwamfutar da ke ɗakinku in kai wa Zainulabidin mai gyara a bakin kasuwa, ya kwafe fayilolin wasan noman nan naku ya zuba a faifan ajiya, in ba Francis idan hutunsa ya ƙare. Ka yi mini bayani dalla-dalla kamar kana koya wa Divine. Ka ce wasan ka riga ka saya, naka ne, amma girmansa ya fi ƙarfin sabis ɗin da ko hoto ba ya iya ɗauka, idan kuwa fayilolin suka iso ka zuba su a kwamfutarka ta hannu, manhajar za ta duba ta ga suna nan, ba sai ka sake saukewa ba. Sannan ka sassauta murya ka ce a tabbata an haɗa da ƙaramar foldar da gonar autanmu Ebenezer take ciki, wadda ba wanda ya taɓa tun da zazzaɓi ya ɗauke mana shi bara. Na ce to. Har na tsokane ka, na ce ga gonar gaske a Dabai tana neman hannu, ku kun zauna kuna huɗa a cikin gilashi. Ba ka yi dariya ba, ni kuma ban lura ba.

Na kai kwamfutar, Zainulabidin ya yi aikinsa tsaf. Kafin ya kwafe sai ya buɗe wasan don ya tabbata abin da kake so ke nan, ya juyo da allon wajena. Na ga gonar Ebenezer, Sila. Jar tarakta tana tsaye a tsakiyar gona, rabi an girbe rabi ba a girbe ba. Akwai rumbu da Ebenezer ya yi wa shuɗin fenti irin na ƙofar gidanmu, da shanu a cikin shinge, a bakin hanya kuma ya kafa allo ya rubuta Dabai. Sai na kawar da kai, ga shi kuma na bar ɗinkin amarya a shago tana jirana, na ce masa ya rufe ya yi sauri. Ko zama ban yi ba.

Daga nan ne laifina ya fara. Joyce ta daɗe tana damuna tana son kwamfutar don koyon amsa tambayoyin jarrabawa, kwamfutar kuwa ta cika ta yi nauyi, sai ka dafa shayi ka sha kafin ta buɗe. Na ce wa Zainulabidin tunda komai ya koma faifai, ya goge ta tas ya zuba wa yarinya abin karatunta. Ya ce ai da na bari sai kayan sun isa hannunka ka buɗe ka gani tukuna. Na ce masa faifai sabo fil a kwalinsa, me zai same shi daga nan zuwa gida? Ka san halina in na ƙudurta abu, kai da kanka kake kirana kwamandan gida. Bawan Allah ya yi abin da na ce.

Laifi na biyu ya fi na farko muni, don ƙarya ce. Ka san Mama ba ta son jin sunan wasan nan. Har yau gani take shi ne ya zaunar da Ebenezer a ɗaki yana ɓoye zazzaɓi har ya ci ƙarfinsa. Da ta ga faifan a kan tebur cikin kayan da muke tara maka, ta tambaye ni mene ne wannan. Don in guje wa kuka da dogon zance, sai na ce mata takardun ƙarin girmanka ne a ciki, irin na zamani. Fuskarta ta washe, ni kuma na ji daɗin dabarata na wuce shago.

Abin da na manta, wanda bai kamata ni ɗin nan in manta ba, shi ne babu abin da ke fita gidan nan zuwa wurinka ba tare da man zaitun na Mama ba. Takalmanka ta shafa musu, da jakarka, da kwalbar yaji, har ledar ƙuli-ƙuli. Ni ce nake bi da tsumma ina gogewa kafin a ɗaure kaya, kana yi mana dariya wai abokanka sun ce kayanka ƙamshin coci suke yi. To, abin da aka ce ƙarin girman ɗanta yana ciki, kana ganin shafa ɗaya za ta ishe ta? Ta ɗaure shi a bakin zane ta tafi da shi taron Zumuntar Mata. Ta shafe shi da mai gaba da baya, aka yi da'ira, kowace mace ta karɓa ta yi addu'a ta miƙa wa ta gaba. Da ya zo hannun maƙwabciyarmu Rachel, santsin mai ya sa ya suɓuce ya daki siminti. Mama ta ɗauka ta goge da zane, aka ci gaba da waƙa.

Da yamma ta ba ni labari tana murna, ta lissafa mini matan da suka ɗora masa hannu, ta ce ko wane ne yake zaune a kan takardunka dole ya tashi. Maganar faɗuwar a ƙarshe ta kawo ta, kamar an ce cokali ya faɗi. Ban tsaya saka takalmi mai kyau ba, na ɗauki faifan na tari kabu-kabu na nufi kasuwa. Zainulabidin ya jona shi, sai muka ji yana wata ƙara ƙyas-ƙyas kamar ƙwaro a cikin gwangwani, allo bai nuna komai ba. Ya gwada duk abin da ya sani, ya aika da shi wurin wani abokinsa a Sakkwato, aka dawo da shi yadda ya tafi. Ya bincika tsohuwar kwamfutar ko zai tono wani abu, amma kayan karatun Joyce sun riga sun hau kai. Ya ce wasu wasannin sukan ajiye kwafi a intanet, sai ya tambaye ni ko Ebenezer yakan yi wasa da data a kunne. Kai ka fi ni sanin amsar. Yaron da yake kashe data ko saƙo bai gama shiga ba.

Abin da ke cikin ƙunshin Francis wani faifan ne. Zainulabidin ya tuna akwai wani Lukuman, ma'aikacin jinya, da yake da irin wasan a kwamfutarsa, ya roƙe shi ya bari aka kwafi fayilolin. Ya ce tunda ka saya da sunanka, manhajar za ta karɓe su, ba za ka sauke komai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wato abin da ka aike ni ya samu, wasan zai buɗe. Amma idan ya buɗe fili za ka gani, ko kunyar noma ɗaya babu. Duk wahalar nan mun yi ta ne don kada ka sake sauke abin da ko yaushe ana iya saukewa, ni kuma na salwantar da ɗan ƙaramin abin da babu inda za a sake samo shi. Na san so kake ka buɗe gonar idan ya cika shekara, ka ƙarasa masa girbin da ya bari. Ban da bakin da zan ba ka haƙuri da shi, amma ina ba ka.

Na so in bar Mama a kan zancen ƙarin girma, sai na ga in na yi haka na ƙara ƙarya a kan ƙarya. Na same ta tana tsince wake a tsakar gida, na faɗa mata komai. Na zaci za ta yi mini faɗa, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Sai kawai ta tambaye ni wai da gaske Ebenezer yana da gona a cikin abin nan. Na ce e. Ta ce me ya shuka? Sila, ban sani ba. Ni ce ta ƙarshe da ta ga gonar nan a duniya, kuma ban tsaya na duba abin da ya shuka ba. Na ba ta labarin taraktar da shuɗin rumbu da allon Dabai. Da ta ji Dabai sai ta rufe fuska da zane. Ta ce ashe gonar ɗanta ta riƙe a hannunta tun daga gida har coci, ita tana zaton takarda ce, kuma da hannunta ta zuba mata abin da ya kashe ta.

Na yi ta gaya mata laifina ne, ni na goge kwamfuta, ni na yi ƙarya, ba ta ji. Mataccen faifan yana cikin akwatinta tare da Littafi Mai Tsarki, ta ce in ba ka buƙata ka bar mata. Baba kuwa washegari ya tsaya a ƙofar gida yana kallon fentin kafin ya tayar da mashin. Rachel ta zo har gida tana kuka, na ce mata ita ba ruwanta, kuma kai ma kada ka riƙe ta a rai.

Baba yana gaishe ka, ya ce ka riƙa tsabtace bindigarka kana kuma kula da ƙafafunka a damina. Joyce tana gaishe ka, ta ce ita kunyarka take ji, ko kwamfutar ba ta son taɓawa, don Allah ka ce mata ta yi karatunta. Mijina Destiny da Kawu Talle na Ribah da Farida matar Zainulabidin duk suna gaisuwa. Ka gaida mana abokan aikinka, ka yi wa Francis godiya, ya yi haƙuri da mu ƙwarai.

Saura abu biyu. Idan ka samu hali ka rubuto wa Mama abin da Ebenezer ya shuka, da yadda kuka fara gonar, kai kaɗai ka rage da ka sani. Na biyun kuma shi ya fi damuna. Da muka zo ɗaure kayanka yau da safe, Mama ta ɗauko kwalbar manta kamar kullum, ta tsaya a kan kayan, ta daɗe a tsaye, sannan ta mayar da ita ɗaki ba ta buɗe ba. Za ka ga yajin da ƙuli-ƙulin da safar duk a bushe suke. Tun da ka shiga soja wannan ne karo na farko da kaya suka fita gidan nan zuwa wurinka haka, kuma ni na jawo. Idan ka hau tudu ka kira, ka faɗa mini duk abin da ke ranka, zan tsaya in ji har sabis ya yanke. Amma ka fara neman Mama tukuna, ka ce mata kana son man zaitun ɗinta.

Allah ya tsare mana kai.

Ni ce yayarka,
Rebecca