Koren Zare a Rufin Mota

Assalamu alaikum, ɗana Bashir. Ya jiki, ya iyali, ya zaman Injamena? Mu muna Umbadda, in wannan ma zama ne.

Na ga hoton jar motar da kake son saye, mai rufin tanti da ake naɗewa. Tunda shawarata ka nema, ka tayar da injin da sanyinsa, sannan ka duba ɗinkin rufin. Arharta ce ta tsorata ni. Karatuna bai tsare mini komai ba, amma na san inda motocinmu na Khartum da aka wawashe suka bi a yaƙin nan.

Irin wannan rufin ɗana Usman ya ɗinke wa wani likita. Ya fita kai masa motar ƙetaren gada, bai dawo ba. Har yau in inji ya yi ƙara a layinmu, uwarsa sai ta miƙe.

Da koren zare yake ƙulle ƙarshen ɗinkinsa, kamar kakanku. In ka ga koren zare, kada ka taya. Ka tambayi mai motar, a hankali, inda aka bar direbanta.

Ka gaida Hajiya da yara, a sa mu a addu'a.

Baffanka.