Lasin Giyar Nasiru

Daren Laraba, unguwar Utaibiyya, Makka

Yau bayan la'asar sai ga tsohuwar surukata, Hajiya Rabi, da kwalin dabino. Rabona da ita tun ranar da aka ɗaure ɗanta Nasiru saboda karya min hannu da ya yi.

Ashe yanzu yana Turai, ya buɗe gidan abinci har ya nemi lasin sayar da giya. Da hukumomin can suka bincika suka ga an taɓa ɗaure shi kan duka, sai suka hana shi. Wai in na je mahkama na ce na yafe, ƙila a wanke sunansa.

"Ki dubi girman Allah, 'yata," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, a garin Makka, don girman Allah zan taimaka a sayar da giya?"

Ita ce fa ta same ni a gadon asibiti ta ce 'yar halak ba ta kai ƙarar mijinta.

Ba zan yafe ba, ya je ya sayar da shayi. Har yau hannun nan ba ya ɗaga tukunya. Dangina kaf sun ce in manta, sai ga Turawan da ba su san ni ba sun ƙi mantawa.