Ƙarfen Gadon Baba

Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan sai godiya. Goggo ta rabu da tarin nan, 'yata takwarar Inna kuma ta fara tafiya, ba abin da ta bari a ƙasa bai shiga bakinta ba. Na ga gara in rubuto maka, don in kana waya Baba na kusa, kunnensa kuwa ciwo bai taɓa shi ba.

Maganarsa ce ta sa na ɗauki biro. Tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta same shi, yana ɗan takawa da sanda daga kujera zuwa bayi, amma hawa gado ya gagara. In ya zauna a bakin gadon, ƙafar hagu ba ta bin sa, sai an ɗaga masa ita, a kuma tare kafaɗarsa kada ya tafi da baya. Inna ce ke yi, har ranar da bayanta ya riƙe ta durƙushe a wurin. Ni ya hana ni taɓa shi, wai 'yar da ya goya ba za ta ɗauke shi kamar buhu ba. Maigidana, Dogon Walda kamar yadda kake tsokanarsa, yakan ɗaga shi in yana gida, to ka san kunyar suruki. Ƙarshe Baba ya ce ya haƙura da gado, a kujerar falo zai riƙa kwana.

Yaya, kwanan kujerar nan ya so ya kashe mana shi. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ba ya shiga, ƙasan bayansa ya yi ja. Likitar gashin ƙashin da ke zuwa duba shi ta ja ni gefe ta ce in wurin ya fashe ya zama gyambo, sai kwanciyar asibiti, a shekarunsa kuma ba ta son ta faɗi sauran. Ga shi ya ji shawarar da ka kawo ta a mai da shi wurinka a ɗaukar masa mai jinya. Ya ce daga gidan nan sai dai a fitar da gawarsa. Daga ranar abinci ma sai ya taɓa ya ture.

Sai muka haɗa kai da likitar da Dogo. Ta ce a rage tsawon gadon ya dawo daidai gwiwarsa, kafinta ya zo ya yanke ƙafafun gadon. Dogo ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya yi mariƙi wanda ake cusa gindinsa ƙarƙashin katifa. Matsalar ita ce hannu ɗaya gare shi mai aiki, ba zai riƙe ƙarfe ya kuma ja ƙafa da shi ba. Na zauna a kan kekena na ɗinka ɗamara mai kauri da zobe biyu, ɗaya ya shiga tafin ƙafar, ɗaya ya shiga wuyan hannunsa na dama, don in ya kama ƙarfen ya ja jikinsa, ƙafar ta biyo.

Gwajin farko ba na son tuna shi. Baba na sakar wa mariƙin nauyinsa, sai ya zame daga ƙarƙashin katifar. Na ga ƙeyarsa ta nufi kusurwar kabad, Allah Ya sa Dogo ya tare shi da ƙirji. Inna ta fasa kuka tana cewa so muke mu ƙarasa mata miji. Baba bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi a fitar masa da tarkacen nan daga ɗaki. Ranar ni da Dogo har muka yi cacar baki, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa, alhali tsoro ne ke cin mu duka.

Aka koma kwanan kujera, jan bayan nan kullum ƙara faɗi yake. Wata safiya Dogo ya shigo gaisuwa zai tafi shago, sai Baba ya tsai da shi ya tambaye shi ko ya taɓa hawa gaban babbar mota. Ya ce shi da ya tsufa yana tuƙa ta, bai taɓa ganin mariƙin ƙofa a tsaye ƙyam ba, a karkace yake, kuma a jikin motar ake ɗaure shi da noti. Ya zana masa karkatar a iska da hannunsa mai lafiya. Rabon da in ji Baba ya yi doguwar magana haka har na manta. Dogo ya sake ƙera wani, ya huda katakon gadon ya ɗaure shi tamau, ya naɗe wurin kamu da roba. Likitar ta zo ta rataye a jikinsa da duk nauyinta, ta sa aka ɗauke dardumar da ke santsi a gaban gadon, sannan ta yarda.

Jiya da la'asar aka sake gwadawa. Kafin ya tashi daga kujera Baba ya kafa mana sharaɗi: kada wanda ya taɓa shi sai in ya kai ƙasa, in kuma abin ya ƙi, a kira ka a ce ka zo ka ɗauke shi, ya sallama. Ni kuwa na san in ya sallama ɗin, ba mutum za ka ɗauka ba.

Ya zauna a bakin gadon, ya zura zoben a ƙafa da ƙyar, ya kama ƙarfen ya ja. Ƙafar ta taso, ta taso, sai ta maƙale a gefen katifa. Rabinsa a gado, rabi na lilo, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Inna ta zabura, na damƙe zanenta ta baya, ta juyo ta harare ni hararar da ban taɓa gani ba, amma ban saki ba. Dogo ya tsuguna ya buɗe hannuwa a ƙasa yana jira. Baba ya rufe ido, ya yi bismilla, ya ɗan saki jiki baya, sannan ya fizga. Sai ga ƙafar a kan katifa. Ya kwanta yana haki, idonsa na kan silin, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Da numfashinsa ya dawo, ya ce tsohuwar mota ce, sai da giya ɗaya take hawan tudu. Sannan ya ce mu fita mu ja masa ƙofa.

Ban ce an gama ba. Sauka har yanzu sai an tsaya kusa da shi, jan bayansa kuma bai warke ba, likitar ta ce sai ta ga yadda makon nan zai kasance. Roƙona gare ka, don Allah ka ajiye maganar ɗauke shi tukuna. In ka kira, ka tambaye shi labarin ƙarfen, ka bar shi ya cika baki, don yanzu cewa yake shi ya ƙera.

Yau da safe na shiga falo in gyara, na tarar da tabarma a naɗe a bayan kujerar. Ashe duk tsawon lokacin nan, in mun koma sashenmu, nan Inna ke shimfiɗawa ta kwana a ƙasa kusa da ƙafafunsa, da wannan bayan nata. Ita ma sai jiya ta ga gado.

Ka gaishe min da Anti da kyau, da 'yan biyu, da Malam ƙarami mai sunan Baba. Inna na sa muku albarka, Goggo da Dogo suna gaisuwa. Ku ci gaba da yi wa Baba addu'a.

Taka ƙanwa,
Auta