Daddawa a Gwangwanin Bukhur

Zuwa ga Kakata, Hajiya Ladi,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kina cikin ni'ima a makwancinki na Baƙi'a.

Kaka, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Umma. Duk ranar da kika kaɗa miyar kuka, nakan saci jiki in kai abayata saman bene in rataye, don kada ta ɗauki warin daddawa. Ina aji huɗu wata yarinya ta toshe hanci da na zauna kusa da ita. Tun daga ranar na koma kujerar baya, na daina ɗaga hannu. Kina ce mini "'yar shiru-shiru", ba ki san daga ina shirun ya fito ba.

Bana na shiga mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare. Malamar zanenmu, Abla Nura, ta ce kowa ta zo da abu mai ƙanshi daga gida. Za mu rufe ido, mu shaƙa, sannan mu zana abin da ya zo mana a rai.

Sai na tuna gwangwanin bukhur ɗinki, na turaren wuta, mai ruwan zinare, wanda ke can saman kantar kicin. Na ce da shi ba mai yi mini dariya. Da safe na fizgo shi a gurguje, direban makaranta yana ta danna hon. Na manta halinki, Kaka: ba kya yar da gwangwani, kuma ba kya mayar masa da abin da ya zo da shi. Na shayi allura da zare ne a ciki, na madara kanwa.

Rahaf 'yar ajinmu ta kawo na'ana'a daga gonar babanta a Al-Awali. Wasu suka kawo fure, wasu gahawa. Da aka zo kaina na buɗe murfi, sai ga daddawarki ta ƙarshe, wadda Umma ta kasa taɓawa tun rasuwarki.

Aji ya kaure da dariya. Wata ta ruga ta buɗe taga. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abla Nura ba ta yi dariya ba. Ta karɓa, ta rufe ido, ta shaƙa har sai da ta yi tari. Sannan ta ce, "Wannan yana da magana a bakinsa. Yalla, Zainab, nuna mana launinsa."

Na ɗauka baƙi zan shafa in huta. Amma da na rufe ido, kore ne ya fara zuwa, koren miya tana tafasa. Sai jan lallen hannunki riƙe da maburgi. Sai hasken la'asar mai rawaya da ke shigowa ta tagar kicinmu na unguwar Ƙurban. Na yi ta shafa launi, ban ma ji ƙararrawa ba.

Da na ɗago, sun kewaye ni. Maryam, wadda iyayenta suka zo daga Cadi, shekara biyu muna aji ɗaya tun daga firamare ban san tana jin Hausa ba, ta raɗa mini, "Wallahi mu ma da ita muke miya, ke dai kin fi ni zuciya."

Abla ta ce in miƙe in yi bayani. Na miƙe, Kaka! Muryata ta fita. Na faɗa musu sunan daddawa, na sa suka maimaita har sau uku, Rahaf tana ta karya harshe. Na faɗa musu sunanki. Yanzu zanen yana rataye a bakin ofishin mudira, shugabar makarantarmu, kowa ya wuce sai ya tsaya.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa ki shaƙi ƙanshin Aljanna.

Wata mai zuwa iyaye mata za su zo kallon zane-zane. An manna takarda a ƙofar aji, ana neman wadda za ta tsaya gabansu ta yi magana. Jiya, da kowa ya fita tara, na rubuta sunana. Umma ba ta sani ba tukuna.

Jikarki mai kewarki,
Zainab