Rigar da Inna ta ɗinka maka

Zuwa ga Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan kana lafiya a duk lungun da Legas ta ɓoye ka. Wasiƙa uku na aika maka ta hannun direbobi, ko ɗaya ba ka amsa ba. Shi ya sa na buga wannan a jarida, don na san ko abinci ya wuce ka, jarida ba ta wuce ka. In jama'a sun karanta sirrin gidanmu, kai ka ja.

Ranar da sojoji suka miƙa mulki, wata jaridar Turanci ta buga hoton taron. Ga ka can tsaye ƙyam a bayan gwamnan sojan da kake yi wa dogari. A ƙasan hoton aka rubuta cewa masu sauka suna clad cikin kaki, masu hawa cikin manyan riguna. Na daɗe ina koyar da Turanci a firamare, amma kalmar nan ta tsaya mini a wuya. Na ɗauko tsohon ƙamus ɗinka, wanda ka bar mini ranar da ka tafi aikin soja. Ashe kalma ce tun ta kakannin Turawa, daga sunan da suke kiran tufa ta samo asali, ma'anarta kawai mutum yana sanye da sutura. Ba ruwanta da kaki ko shadda. Na rufe ƙamus ina jin haushinka, don mai jarida ya yi muku kuɗin goro, amma kai ka ɗauka in ba kaki ba ka da sutura.

Na san an yi muku ritaya. Labarin ya riga ka isowa Yakasai. Alhaji Ɗanjuma mai fata ya ce ya gan ka a Legas, ka ce masa da wace fuska za ka shigo unguwa ba kaki. Yaya, wace unguwar? Wadda ta san ka da yagaggen wando kana iyo a kududdufi, Baba yana bin ka da bulala?

Inna ba ta fahimci zancen ritaya ba. Da ta ji a rediyo an ce sojoji za su koma, sai ta ɗauka kowane soja gidan uwarsa zai koma. Ban iya gyara mata ba. Ta aike ni na sayo farar shadda, na bi ta Ƙofar Wambai na sayo zare. Malam Goni maɗinki ya zo har zaure, ya gwada a jikina tunda ba ka nan. Tana daga bayan labule tana cewa, "A ƙara a kafaɗa, wancan ya fi wannan faɗi." Aikin hannu aka yi wa rigar taka, aka kai wa masu bugu. Yanzu tana ninke a gefen matashinta.

Jikinta ba daɗi. Yanar ido ta rufe mata gani, ƙafafunta sun kumbura, a zaune take salla. Likita ya ce zuciya ce, kuma bai kalle ni ba lokacin da yake faɗa. Ni kaina na kasa zama wuri ɗaya. Ina cikin aji ina leƙen taga. In na dawo, ko mota ce ta tsaya a bakin titi sai na fita, na ga mai kayan miya ne ko wani baƙon maƙwabta, na dawo ina kame-kame. Tsoro nake ji, Yaya. Ba na so wasiƙa ta gaba ta zama ta ta'aziyya.

Ka san halinta da kai. Kai ne ɗan fari, tunda aka haife ni ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Ko lokacin da kake zuwa da kakinka, yara na bin ka a lungu, juya baya take yi ta fuskanci tukunya ta ce, "A ba baƙo ruwa." Kana tafiya kuma sai ta zauna a tabarmar da ka tashi.

Juma'ar da ta wuce, na dawo daga masallaci, ta ce in sa rigar ta ji yadda ɗinkin ya zauna. Na sa, na durƙusa a gabanta. Ta shafa wuyan, ta bi zaren da yatsa, ta dafa kafaɗar da ta yi mini yawa. Sai ta ce, "Habibu."

Na amsa mata. Allah ya yafe mini, na amsa, kuma ta yi murmushi. Amma ba zan iya amsawa karo na biyu ba.

Ka taho ko da singileti ne, Yaya. Ba wanda zai tambaye ka ina kaki, ita kuwa ba ta ma gani. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya kawo ka lafiya, ya sa ka same ta tana iya kiran ka. Amin.

Ƙaninka,
Nasiru
Yakasai, cikin birnin Kano