Abin da Na Gani Ran Duban Wata

Ɗana Sani,

Yau Asabar, ƙafar ta ɗan lafa, alhamdu lillahi. Yaya iyali, yaya azumi a Legas?

Ran duban wata, ina ƙofar gida da magariba, na ga wani abu kamar faifai yana ƙyalli saman Gyallesu, sannan ya ɓace. Maƙwabta suka ce tsufa ne. Sai ga sojoji har zaurena! Hafsansu ya durƙusa ya ce, "Baba, zana mana shi." Na zana a ƙasa da sandata. Tun rasuwar mahaifiyarka zauren bai cika haka ba.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida yara.

Hafsan ya ce zai dawo jiya mu sha ruwa tare. Na sa an dama kunu, amma bai zo ba.

Mahaifinka