Tsinken da Baba Ya Ƙera Mini

Tromsø, 9 ga Afrilu

Yaya Hauke,

Ina Mama, ya ƙafar tata? Ka gaishe ta, ka gaida matarka Silke da yara. Kai ma na gaishe ka, don kawai Mama ta koya mini gaisuwa.

Ni lafiya lau. Hannayena sun tsattsage da wankin zannuwan otal, amma ana sabawa.

Na ga hoton da ka turo na wutar da kuka hura a gida don bikin Ista. Ga ka riƙe da tsinken ƙarfena, ka soka naman alade, maiƙo na gangarowa har kan sunana da ke rubuce a jikinsa. Ka san sarai dalilin da ya sa Baba ya ƙera mini shi kafin ya rasu. Shekarar da na daina cin duk abin da ya fito daga dabba kuna ta yi mini tsiya, shi kaɗai ya ce, "Ku ƙyale Wiebke ta gasa alewarta a tsinken da bai taɓa nama ba." Tsinke goma ne a gidan, sai nawa ka gani?

Ranar Lahadi abokan aiki suka hura wuta a bakin teku. Kanti uku na zaga kafin na samu alewar nan mai taushi da ake gasawa, mashmalo, irin wadda ba a sa mata komai na dabba. Da wayar ƙarfe ta rataye kaya na gasa ta, ta narke, ta zame cikin toka. Suka kwashe da dariya. Na ce musu hayaƙi ne ya sa ni hawaye.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ka aiko mini da tsinkena a satin nan, kuma kada ka wanke shi. Ban yarda da hannunka ba.

Ƙanwarka,
Wiebke